Taraktar Mamaci

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da muka sa wa wata tsohuwar tarakta sabon kuron ba. Kuron shi ne zoben haƙoran nan da ke kewaye da babban faifan ƙarfen injin, wanda demarer, wato sitata, ke cizo idan za a tayar.

Ni da yayana muke da garaji a Zongo. Wata dattijuwa ce ta sa aka jawo taraktar daga gonarsu can bayan Gounghin. Ta ƙi shigowa, daga bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "'Ya'yana, ku yi hankali da ita. A ƙarƙashinta aka tsinci gawar maigidana, shi kaɗai a gona, kile kuma, makullinta, yana aljihunsa." Yaya ya yi mata ta'aziyya, ni kuwa da ƙuruciya ke ɗiba na yi dariya a ciki.

Muka raba taraktar biyu. Haƙoran tsohon zoben sun cinye, sai 'yan kaɗan da suka rage. Muka sare shi da kurfi, muka gasa sabon a garwashi har ya buɗe, muka ɗora shi a kan faifan, ya huce ya kama gam. Duk tsawon aikin nan jikina bai ba ni ba. Karen maƙwabta da kullum yake kwana a inuwar motocinmu ya ƙi kusantarta.

Ranar da muka haɗa ta, da azahar unguwa ta yi tsit, ina kwance a gaban babbar tayar baya ina ɗaure kusoshi. Yaya ya ɗora waya a kan batir. Ba kowa a kujera, kile yana rataye a bango, amma sai na ji ta yi gurnani ta motsa. Tayar ta hau rigata, ta danne ni a ƙasa, ina jin sanyin robarta a haƙarƙarina. Yaya ya fizge wayar yana salati. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da muka bincika, ashe marigayin ya daɗe da murɗe wayoyin demarer wuri guda, da kan batir yake tayar da ita, kuma a giya yake barin ta don ba birki. Lalacewar haƙoran ce kaɗai ke riƙe da ita. Ranar da demarer ya dace da 'yan haƙoran da suka rage, sai ta taka shi yadda ta so taka ni.

Da Yaya ya yi wa dattijuwar bayani, sai ta ce, "Ashe ba wani ya yi masa ba. Ni kuwa tun rasuwarsa ban gaisa da ƙanensa ba."

Tun ranar ba na taɓa tsohon inji sai na tambayi yadda mai shi yake lallaɓa shi. Kuma idan wanda aka yi wa rasuwa ya ce in yi hankali, ajiye kayan aiki nake yi in saurara.