Sajan Ta Hana Gishiri

Mai gyaran keken ɗinki ne, gari gari yake bi a tsohuwar motarsa. Teloli sun fi sanin jakarsa a kan fuskarsa: baƙa, cike da allurai da bel da kwalbar man keke mai yoyo, kullum a kujerar gaba kamar amarya. Hannunsa na da albarka a kan ƙarfe. A kan abinci kuwa, sai addu'a. Mutum ne da zai zazzaga gishiri kafin ya ɗanɗana, kamar miyar ta zage shi.

Da jininsa ya hau, likita ya ce ko gishiri ko rai, ya zaɓa. Bai zaɓa ba, matarsa ta zaɓar masa. Gajera ce, mai tabarau ɗaure da zare, amma ta kwashe gishirin gidan kaf, har maƙwabta ta ja wa kunne. Daga nan ya raɗa mata Sajan.

"Sajan, wannan miya ce ko ruwan wanke hannu?"

"Ci, Baban yara. Da furfurar nan ban shirya zawarci ba."

A hanya yake ramawa. In ba a rumfar bakin tasha ba, to a gidan abincin nan mai reshe a kowane gari: jajayen kujeru iri ɗaya, hoton kaza iri ɗaya, 'yan mata masu hula iri ɗaya, har murmushinsu kamar a kwali ake kawo musu. In ya dawo ƙafa a kumbure, sai ta latsa da yatsa ta ce, "Wace ce ta ba ka?"

Sai ga shi ita ta riga shi tafiya, da ɗan zazzaɓin da bai kai ya kawo ba. Ya yi kuka, ba za a ci haƙƙinsa ba. Amma namiji ne, cikinsa bai san makoki ba. Ranar da ya koma hanya ya zauna a rumfar farko yana murza hannu.

Miyar lami. Ya girgiza kwalbar gishirin tebur, ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Gari na gaba ma haka. Ya ce matan yanzu sun manta girki, ya wuce gidan jajayen kujeru, inda bai taɓa jin ɗanɗano ya canza ba. Nan ma lami.

Ya yafito ma'aikaciyar. "'Yata, gishiri ya yi tsada ne?"

"A'a, Baba. Mama ce ta tsaya a kan mai dafawa sai da aka yi maka naka daban."

"Wace Mama?"

"Wadda kuka shigo tare mana, mai tabarau da zare." Ta waiga. Kujerar da ke fuskantarsa a jaye take, kamar yanzu aka tashi. "Ta ɗan fita ke nan."

Ranar bai ƙarasa cin ba. Amma taurin kai ba ya mutuwa da wuri: ya ƙulle gishiri a takarda ya cusa cikin jaka. Da ya buɗe, man keke ya jiƙa shi sharkaf.

Haka ya haƙura. Kumburi ya sace, numfashi ya dawo, ya yi ta shekaru a hanya. Har ya saba, in ya shiga cin abinci sai ya ja mata kujera da kansa, ya zauna yana mita. "Sajan, ko a bakin cokali ne." Teloli suka ce tsufa ya taɓa shi. Su suka sani.

Wata rana da tsakar rana, a wani reshen, ya kai lomar farko ya tsaya. Gishiri. Ba kaɗan ba, daidai yadda yake so tun yana saurayi.

Ya kira yarinyar, wata ce daban amma hular ita ce. "Yau Mama ba ta yi magana ba?"

"Ta yi, Baba. Ta ce a sa maka yadda kake so. Wai yau ba komai, tare za ku koma."

Ya dubi kujerar da ya ja mata. Ba a jaye take ba, ta matso jikin tebur sosai. Ya daɗe da cokali a hannu, abinci na hucewa.

"To, Sajan," ya ce a hankali. "Ki dai bari in cinye."

Ya cinye tas, har ya suɗe faranti.

Telan gari na gaba ya gaji da jira da kekensa a kwance. A ƙofar gidan abincin aka sami motar, shi a mazauninsa, ido a rufe, baki da sauran maiƙo. Jakar nan an mayar da ita baya. Kujerar gaba babu kowa, amma an ɗaura bel ɗinta.