Kwalin da Aka Hana Ni Buɗewa

"Ba na karɓar kaya a rufe," in ji Baba mai karɓar saƙo a tashar motar Kano, nan Azare. Ya turo mini kwalin da bayan hannu. "Ko a buɗe in gani, ko ka ɗora a ka ka kai da ƙafa."

Na ce, "Baba, injin aski ne fa. Ga hotonsa a jiki."

"Ɗan nan, hoton madara ne a jikin kwalin da ya kai direbanmu kotu."

A waya na sayi injin, wajen wani mai talla a Kano. Kuɗin mai caji na biya, don mai shagon askin da zai ba ni kujera ya ce in zo da nawa mai caji kafin cikowar Sallah, ko ya ba wani ɗan garin Disina wurin. Layin shagon wuta sai an ga dama. Kwali na isowa na ga hoton mai igiya. Mai tallan ya ce in mayar ya canja, amma in salatif ɗinsu ya motsa, babu ruwansa.

Ni dai raina bai kwanta ba. Mutumin da kullum a mota yake aiko kaya, a ce bai san dokar tasha ba?

Na kira shi. "Yallaɓai, sun ce sai an buɗe."

"To ka kai gidan waya mana."

"Daga can nake. Matar wurin ma ta ce sai ta ga ciki."

"Ayya, abokina, sai haƙuri. Ƙa'idar kamfani ce."

Kamfani. Ina jin kukan akuya a bayansa.

Na miƙa wa wani direba wayata ya ɗauki bidiyo, Baba ya sa wa kwalin reza. Ƙarƙashin sabon salatif ga wani tsoho, an riga an yanka. Injin mai igiya ne, haƙoransa cike da gashi, har da furfura.

Baba ya juya shi a hannu. "Wannan ya fi ka yawo, ɗan nan."

Na tura wa mai tallan bidiyon. Ya buɗe, na ga alama. Can sai hotonsa ya ɓace, kira kuma ba ya shiga.

Baba ya jona injin a soket ɗin rumfarsa. Injin ya tashi, da ƙara kamar injin markaɗe, amma ya tashi. Na zauna a benci na goge gashin da bakin rigata, na rubuta wa mai shago:

"Salam Oga. An cuce ni, mai igiya aka aiko, kuma tsoho. Amma yana yanka. Don Allah kar ka ba ɗan Disina kujerar. In an kawo wuta ni zan yi aski, in an ɗauke in yi shara da wankin tawul har in samu mai caji. Wannan karon a kasuwa zan saya, a kunna a gabana."