Baba Altine mahauci da ungulayen kwata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita makaranta Bello ya kira ni, wai babansa ya rasu bayan sallar asuba. Baba Altine mahauci, na unguwar Runjin Sambo a Sakkwato. Na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannuna, na kasa tashi.

Da yawanku ba ku san shi ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma ni da nake koyar da bayoloji a sakandare, rabin abin da nake faɗa wa ɗalibaina daga bakinsa na ji.

Na san shi ne lokacin da nake shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin da aka ba ni shi ne in ƙirga ungulayen da ke sauka a kwata, inda ake yanka. Mahauta suka riƙa yi mini dariya, ga mutum da littafi da biro yana kallon sama. Shi kaɗai ya turo mini benci da ƙafa ya ce, "Zamna, ɗana. Mi kaka biɗa ga tsuntsun da kowa ka tsana?"

Kullum na je sai ya naɗe mini balangu a takarda. In na ƙi karɓa, ya ce ba a karatu da yunwa.

Shi ya gaya mini cewa yana saurayi, in aka zubar da tumbi da hanji a bayan kwata, kafin a wanke wuƙa ungulaye sun share wurin tas. Bayansu hankaki su tsince, sannan tururuwa. Kowa da lokacinsa.

Daga baya aka sare manyan itatuwan da ungulayen ke kwana a kai. Masu farautarsu don haɗa magani suka yawaita. Ana sa wa mushe guba saboda karnuka, ungulaye su ci su zube.

"Da sunka tahi," in ji shi, "karnuka sunka zo, da ɓeraye, da ƙuda. Wari yab bi mu har gida. Ashe aiki su kai muna, ba mu sani ba."

A littafi babi uku ne wannan: yawan jinsi ɗaya a wuri, zaman halittu daban-daban tare, da yadda suke dogara da juna da muhallinsu. Shi a magana ɗaya ya haɗa su, yana fiɗar akuya.

Sau biyu ya yi faɗa da wani mai saye da ya zo neman kan ungulu. Abokan sana'arsa suka ce ya cika shiga abin da ba ruwansa.

Na yi masa alkawari zan zo da waya in ɗauki muryarsa, ya ba ni labarin duka, ɗalibaina su ji. Jarrabawa ta zo, na ɗaga. Azumi ya zo, na ɗaga. Ban taɓa ɗauka ba.

Ganina da shi na ƙarshe, mako uku ke nan, a zaurensa. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, ya daina zuwa kwata. Amma yana ganina ya miƙe zaune, fuskarsa ta washe. Ya ce Bello ya ɗauke shi a babur ran nan, ya ga ungulu guda a kan katanga wajen Ƙofar Atiku.

Na ce, "Alhamdulillah, Baba. Ashe akwai saura."

Ya girgiza kai. "Guda ɗai ta, malam. Guda ba ta haihuwa."

Sannan ya ce, "Ku masu boko, hwaɗa min gaskiya. Za su komo?"

Na ce in sha Allah. Ya dube ni. Bai tsananta ba. Sai ya kira a kawo mini ruwa.

Gaskiyar da ban iya faɗa masa ba ita ce, ban ga alama ba. Itatuwan babu su. Masu saye ba su daina ba. Wanda ya damu kuma yau za mu kai shi makwancinsa.

Gobe ina da darasi a kan yadda halittu ke cin juna. Akwai hoton ungulu a shafin. Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni a wace ƙasa ake samun wannan tsuntsun. Yarinyar haifaffiyar Sakkwato ce, kuma mahaifinta mahauci ne. Wallahi ban san da wane baki zan shiga ajin nan ba.

Allah Ya jiƙan Baba Altine, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa tausayin da ya yi wa halittar da kowa ke ƙyama ya zama masa nauyi a mizani. Allah Ya ba Bello da 'yan'uwansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Ni ma ku sa ni ciki, zuciyata ta yi nauyi.