Kwandunan Shamuwa a Tsamiyar Gidanmu

Shekaranjiya na tarar da matata za ta jefa wani tsohon kwando a bola, gindinsa ya ɓule. Ban san lokacin da na ce ta dakata ba. Ta tambaye ni me zan yi da shi, na karɓe shi na ajiye. A gidanmu na ƙauye, can wajen Sandamu, ba a yar da kwando, na shamuwa ne.

Kakata, mahaifiyar Baba, ita ke tara su a bayan rumbu. In bazara ta tsananta, sai ta sa mu hau tsamiyar ƙofar gida mu ɗaure su a rassa, don shamuwa ta sami inda za ta ɗora kirarenta ta yi sheƙa. Ran da suka sauka kuwa har guɗa take yi, ta buɗe tukunyar iri, ta ce a fito da sungumi. A gidanmu ba a taɓa iri sai baƙinta sun iso.

Daga nan ta sami aiki. Kullum da hantsi tana kan tabarma a gindin tsamiya, hannu na ɓarar gyaɗa, ido na sama. Ta san sheƙar da ake kwanci, ta san wadda aka ƙyanƙyashe, har uwar da ta fi ragwanci ta sani. In shirwa ta zagayo ta buga tasa. In ɗa ya faɗo, ni ake cusa wa shi a riga in mayar. Kashinsu kuwa, kada ka so ka ji warinsa bayan ruwa. Na taɓa ƙorafi, ta ce, "Ji mini mijin banza! Kai da ka yi mini naka a zane, korar ka na yi?"

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, layin wuta ya iso garinmu, damina ta yi tsakiya, 'ya'yan shamuwa ko gashin kirki ba su yi ba. Ma'aikata suka ce waya ta cikin manyan rassan za ta bi: ko a sare, ko su karkata wata unguwa.

Kaka ta ce wa Baba, "Ku bari su tashi mana. Kafin gero ya fid da kai sun tafi."

Ya ce, "Inna, mutanen nan ba za su jira tsuntsu ba. In suka wuce, sai dai mu hangi wuta a gidan wasu."

Sai aka yi dabarar da kowa ya ga ta yi: a kwance kwandunan da 'ya'yan a ciki, a mai da su darbejiyar bayan gida. Mun ɗauka shamuwa kaza ce, in ka ɗauke akurki ta biyo ka. Ba su biyo ba. Suka yi ta shawagi a kan kututturan rassan, su sauka, su tashi, ba wadda ta kutsa cikin duhun ganyen darbejiya. Kaka ta baza mu kamun fara da kwaɗi, tana ɗura wa 'ya'yan da hannunta. Ɗaya bayan ɗaya suka mutu, ta binne su.

Da bazara ta zagayo muka ɗaura kwanduna a sauran rassan. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka, Kaka na riƙe da iri, tana cewa baƙinta suna hanya. Ƙarshe Baba ya shiga ɗakinta ya ɗauko tukunyar da kansa, karo na farko da na ga ya tsallake maganarta. Ba ta hana shi ba. Tabarmarta kawai ta naɗe, ba ta ƙara zama a gindin tsamiyar ba har Allah ya karɓi ranta.

Yau rediyo ke gaya wa 'yan ƙauyenmu lokacin shuka, yarana kuma ba su taɓa jin ƙarar bakin shamuwa ba. Ban ga laifin Baba ba, haske ya so mana. Amma raina na ɓaci duk lokacin da na tuna gaggawar da aka yi. An ja waya a waccan daminar, gero ya fid da kai, aka girbe, aka cinye, aka sake wata shukar, duk ba a kawo wutar ba.