Gammon Na'ibi

Shekara talatin da huɗu Na'ibi yana dako a rumbunan kaya na Khumra, har ƙeyarsa ta yi kanta. A nan Jidda aka haife shi, jikan wani alhaji ne da ya tako daga Katsina da ƙafa bai koma ba. Rantsuwarsa ɗaya ce a duniya: 'yarsa Lina ba za ta taɓa ɗaukar kaya ba.

To, Linar nan, da ta yi karatu har ta zama malamar jinya, ita ce ta shigo masa gida a unguwar Mahjar da jaka kamar buhun shinkafa a baya, wai dutse za ta hau a wata ƙasa mai ƙanƙara, kuma izininsa take nema.

"Akwai masallaci a sama?" in ji shi.

"La, ya baba."

"Marasa lafiya fa?"

"Babu kowa. Ya'ni, a hau ne kawai, halas, shi ke nan."

Kansa ya ɗaure tam. Don ta ganar da shi, ta nuna masa wani tsohon hoto a waya: Turawan da suka fara hawa dutsen, sun sha gemu, suna dariya. Ta jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa idonsa na can gefe, kan wasu mutane uku da suka ranƙwafa da akwatuna, igiya ta ci goshinsu.

"Waɗannan fa, ya sunansu?"

Ta duba, ta sake dubawa. Ba a rubuta ba.

Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Kwana biyu yana juya maganar, ya rasa a wane gefen hoton 'yarsa za ta tsaya. Ranar tafiya da safe ya zazzage jakar a tabarma yana mita, ya mayar da kaya masu nauyi jikin baya, marasa nauyi sama. Sannan ya ɗauko tsohon gammonsa ya miƙa mata.

"Baba, wannan shanta, jakar nan fa, a baya ake goya ta, ba a ka ba."

"Na sani. Riƙe dai." Ya kau da kai. "Har yanzu ban gane abin da za ki ɗauko a can ba. Amma yalla, je ki. Wanda duk ya ɗaukar miki ruwa, ki tambayi sunansa, ki kawo mini."