Baba Birki ya ajiye makulli

Tun kafin masu shaguna su buɗe, Baba Birki yakan iso filin da ke bayan makarantar firamare da tsohuwar motarsa, mai allon koyon tuƙi a kai. Sai ya duba ruwa da baƙin mai, ya goge gilashi, ya jera tsofaffin tayoyi a ƙasa su zama kwana da lungu. Daga nan ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, inda aka sa masa birki na biyu a ƙarƙashin ƙafa. Wannan birkin ne ya jawo masa sunan, har mutane suka manta da na yanka.

Ranar farko ba ya barin ɗalibi ya tayar da mota. Cewa yake, "Zauna, riƙe sitiyari, ba ni labari." Yana sauraro, idonsa na kan hannun. Wani ya damƙe kamar za a ƙwace masa. Wani ya ɗora yatsa biyu yana ta zuba, bai san an fara darasi ba. Wani kuma kafin a ce uffan ya tattaɓa komai yana tambayar amfaninsa. Baba yakan ce kowa da halinsa yake shigowa mota, kuma da shi zai fita. Aikinsa kawai ya nuna wa mutum inda halin zai amfane shi, da inda zai kai shi rami.

Maman 'yan biyu tela ce, mijinta ya rasu a haɗarin hanya, ya bar mata mota a ƙofar gida da yara masu zuwa makaranta mai nisa. Da ta zauna a mazaunin direba, sai makullin ya suɓuce mata ya faɗi.

"Baba, ni matsoraciya ce tun ina yarinya," ta ce. "Kowa ya sani. Ba zan iya ba."

"'Yata, wa ya ce miki tsoro cuta ne? Tsoron nan shi zai sa ki duba madubi lokacin da wasu suka manta. Ba cire shi za mu yi ba. Baya za mu mai da shi ya zauna, ke ki yi tuƙin."

Sun daɗe suna kewaya filin kamar masu rakiyar tururuwa, bai taɓa ce mata ta ƙara wuta ba, sai ranar da ita da kanta ta tambaya. Yau ita ke kai yaranta da na maƙwabta. Yayarta ta ce ba tuƙi kaɗai ta koyo ba: matar da a da ba ta iya ɗaga ido a gaban dangin miji, yanzu takan zauna cikinsu ta faɗi ra'ayinta a kan tarbiyyar 'ya'yanta, murya na ɗan rawa amma sai ta kai ƙarshe.

Akwai kuma wani ma'aikacin kantin magani, mai sauƙin kai fiye da ƙima, kome aka faɗa sai ya ce "to". Baba ya gane cewa rabin "to" ɗin nan kunya ce. Wata rana ya ce masa, "Sa giya ta tara." Saurayin ya ce "to", ya shiga lalube. Baba ya yi dariya har da hawaye. "Ɗana, motar nan ba ta da ta tara. Ka ce mini ban gane ba, ba zan cinye ka ba." Mutumin yana ba da labarin nan har yau, ya ce a motar Baba ya fara koyon cewa a'a.

Kai ne mai haƙurin da bai ƙare a kan 'ya'yan mutane ba, Baba. Kai ne ka ɗauki mai gaggawa da mai nawa, mai surutu da shiru-shiru, ba ka ce wa kowa ya zama wani ba.

Sai dai akwai ɗalibi guda da Baba ba ya son a tayar da zancensa, kuma shi ne ɗansa na fari. Yaron ya taso da zafin nama, ga kaifin ido, ga son gudu, komai nasa yanzu-yanzu. Baba kuwa mutum ne mai sanyi, kuma ya ga gawarwaki a hanya fiye da yadda zai iya mantawa. Duk lokacin da ɗan ya taka totur, ba ɗalibi yake gani ba, makara yake gani. Haƙurin da yake rabawa a fili kyauta sai ya gagare shi a kan nasa. Ya yi ta taka masa birki, ya yi ta faɗa. Ranar ƙarshe, a gaban sauran ɗalibai, ya zare makullin ya ce, "Sauka. Mai irin halinka ba zai taɓa zama direba ba."

Ɗan ya sauka. Ya bar garin, ya koyi tuƙi a hannun wasu. Yanzu motar asibiti yake ja a wani gari mai nisa, kuma waɗanda suka san shi sun ce idan rai na hannun Allah ana neman mai sauri da natsuwa, shi ake kira. Yana bugo waya, yana gaishe da mahaifinsa da ladabi, ya tambayi jiki, sannan ya ce a ba shi Inna. Bai taɓa ɗaukar Baba a mota ba.

Bana idon Baba ya yi rauni, likita ya ce hanya ta ishe shi haka. Tsofaffin ɗalibai suka haɗu a filin don yi masa sallama, kowa ya zo da motarsa, har wuri ya yi kaɗan. Baba na zaune a kan benci yana amsa gaisuwa, amma duk motar da ta shigo sai ya karkata kai ya saurari ƙarar injinta. Da taro ya watse, Maman 'yan biyu ta ce, "Baba, yau ai ranar farin ciki ce."

"Haka ne, 'yata," ya ce. "Na duba halin ɗan kowa na bar masa abinsa. Nawa ne kaɗai na ce sai ya sake. Saurin nan da na tsana, ashe da shi zai ceci mutane. Da ma na zauna gefensa kamar yadda na zauna gefenki."

Sai ta kai shi gida a motarta.

Mu ma ɗalibansa muna da tamu nadamar. Mun karɓi lasisi mun wuce, muna danna masa hon idan mun gan shi a fili, ba mu tsaya ba sai da idonsa ya daina gane fuskokinmu. Mun gode, Baba Birki, ko da godiyar ta makara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri. Malamai da masu koyar da sana'a su yi koyi da kai a kan ɗalibai, iyaye kuma su ji abin da ka faɗa a kan benci, tun yaransu suna gida. Shi kuma direban motar asibiti, idan wannan rubutu ya kai gare shi: tsohon nan ya daina tuƙi, kuma ranar ganin likitan ido, a ƙafa yake zuwa bakin titi neman mota.