Sunan da Valdinho Ya Ara

Duk wanda ya yi aiki a asibitin koyarwarmu na birnin Recife ya san Valdinho, amma da wuya ka sami mai gaya maka abin da yake yi. Ni na sani, don ni ce mai sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyatar ubansa, tun ina da ƙuruciya har gwiwoyina suka fara ƙara. Cikakken sunansa Valdemar Siqueira Filho. Uban shi ne Valdemar Siqueira, shi kuma aka liƙa masa Filho, wato ɗa, kamar yadda ake yi a gidajen da maigida ke ganin sunansa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Furfura ta cika masa kai, amma har mai sayar da kofi a bakin ƙofa Valdinho take ce masa, wato ɗan ƙaramin Valdemar, kamar wani ɗan goye.

Farfesa Siqueira gwanin fiɗa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Mutanen gonakin rake da tsargiya ta cinye wa hanta, a kawo su suna aman jini, shi ke buɗe cikinsu ya tsayar da jinin. Hannu mai albarka, baki kuwa sai dai Allah ya kiyaye. Ranar da Valdinho ya fara riƙe wuƙa a gabansa hannunsa ya ɗan yi rawa. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke Marlene, ƙaro maganin barcin nan. Ba na kwancen ba, wannan na tsayen za ki ba." Ɗalibai suka kwashe da dariya, don in Farfesa ya yi wasa dariya dole ce.

Valdinho bai sake riƙe wuƙa ba. Ya tattara ya koma ɗakin gwaje-gwaje na ƙasan bene. Duk ranar tiyata sai ya hawo da ’yar kularsa ta ƙanƙara, ya raɓe a lungu, ya jira a gutsuro masa ɗan yankin hanta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, me ya sa wa da ƙane za su yi wanka a rafi ɗaya, hantar wannan ta sandare, wancan kuwa ya tsufa lafiya lau. A cikin ƙwayoyin gado yake neman amsar. Ubansa ya sa masa suna mai kwasar saura.

Da takardarsa ta farko ta fito a wata mujallar ƙasar waje, sai Turawa suka ɗauka Filho ne sunan gidansu, suka buga haka. Farfesa ya ɗaga mujallar a tsakiyar zagayen marasa lafiya.

"Jama’a ku taya ni murna, ɗana ya yi suna. Ga shi nan, Malam Ɗa! Ɗan wa? Oho. Kai, cire wannan jelar ka riƙa rubuta suna irin na mutane."

Ya cire. Daga nan duk abin da ya rubuta, Valdemar Siqueira ne a samansa, sashe ɗaya da uban, asibiti ɗaya.

A sana’armu yanzu ba a auna mutum da yawan waɗanda ya warkar. Kwamfuta ce ke ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardarka a cikin nasu, wannan adadin shi ne darajarka a kasuwa. Takardun Valdinho suka karɓu, ana ambatonsu daga Masar har Sin. Kwamfuta kuwa ba ta san uba da ɗa ba, suna ɗaya ta gani, ta zuba komai a shafin da sakatariyar Farfesa ta buɗe masa. Tsohon da ya manta rabonsa da rubutun kirki ya wayi gari babu likitan fiɗar da ake ambato kamarsa a duk yankinmu. Ko za a yanka shi ba zai iya bayanin layi ɗaya a cikinsu ba, amma ya je ya karɓo lambobin yabo, har da gyara tsayuwa a hoto.

Valdinho ya haɗiye abinsa, har aka buɗe kujerar cikakken farfesa a fannin da shi ya kafa. Kwamitin zaɓe adadi yake nema, shi kuwa abin da ke ƙarƙashin sunansa takardar nan ce guda ta Malam Ɗa. Gyaran ba wuya: mai shafin ya bayyana cewa waɗannan ba nasa ba ne, shi ke nan. Ya ɗauko maganar ranar Lahadi a teburin abinci, ina zaune, mahaifiyarsa Dona Zuleide tana zuba wake da busasshen nama.

"Baba, sa hannu kawai za ka yi."

"In sa hannu in ce me?"

"Cewa ni na rubuta su."

"Hantar wa ka yi aiki da ita?"

"Ta marasa lafiya, Baba."

"Marasa lafiyar wa? Wa ya yanko maka? Da sunan wa aka buɗe wasiƙarka a Landan? Na ba ka nama, na ara maka suna, yanzu kuma so kake in tsaya gaban yaran da na koyar in ce ni ɓarawo ne? Zuleide, kin ga tarbiyyarki."

"Ci abincinka, Valdinho," in ji uwar, "hawan jinin babanka."

Na buɗe baki, tsohon ya nuna ni da cokali ya ce, "Ke aikinki sa mutane barci ne, kada ki tashe su." Ban sake taka gidan ba.

’Yan kwamitin duk tsofaffin ɗaliban Farfesa ne. Babu wanda bai san gaskiya ba a cikinsu, sun kuwa dubi Valdinho ido cikin ido suka ce su abin da kwamfuta ta nuna suke bi. Aka ba da kujerar ga wani yaro da Valdinho ya koya wa riƙe kwalbar gwaji. Da yamma Valdinho ya je ya yi wa yaron barka. Wannan ladabin nasa ya fi rashin kunyar uban ƙona mini rai, na gaya masa haka, ya yi murmushi ya ce ai lokaci na zuwa.

Lokacin da yake jira ya zo, tsohon ya faɗi a banɗaki, bai tashi ba. Kafin a binne shi jami’a ta sanar za ta sa sunansa a ɗakin gwaje-gwajen ƙasan bene, wanda bai taɓa sauka ya gani ba, wai saboda abin da ya yi wa ilimin ƙwayoyin gado. Na ja Valdinho gefe na ce yanzu ai sai ya kai takardunsa a gyara. Ashe uwar na bayanmu.

"Gawa za ka tuɓe wa riga? Ka bari in bi shi tukuna, sai ka yi abin da ka ga dama."

Dona Zuleide kuwa lafiyarta ƙalau, tuwonta ma ya fi nawa yawa.

Ranar addu’ar bakwai coci ya cika. Muna fitowa sai ga wata Dokta Ximena, masaniya daga Chile, ta baro wani taro takanas don ta yi gaisuwa. Ta kama hannun Valdinho da hannu biyu, idonta fal hawaye.

"Kai ne ɗansa? Ban taɓa ganinsa ba, amma rubutunsa ne ya raine ni. Takardarsa ta wa da ƙanen nan, ina ɗaliba na karanta ta, ita ta sa na zaɓi wannan aikin. Mutumin da ke tiyata safe da rana, a ina ya sami wannan zurfin tunani?"

Tunda nake da shi ban taɓa jin wani ya yabi aikinsa a gabansa ba. Fuskarsa ta yi ja, leɓensa na motsi. Dona Zuleide ta saƙalo hannunsa, na ga farcenta ya nutse a rigar.

"Kai ma kana taɓa bincike?" in ji baƙuwar.

"Ina ɗan taimakawa a ɗakin gwaje-gwaje."

"Madalla. To, ka daure ka karanta takardun mahaifinka, ko da ba ka gane duka ba. Suna da wuya, na sani. Inda ya shige maka duhu ka rubuto mini, zan yi maka bayani."

Ta miƙa masa katinta. Ya karɓa, ya rusuna, ya ce ya gode.